Yadda Aka Dawo Da Tsofaffin Masu Muryar Katun Cikin Gem, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki

Duk wanda ya tashi a gidan fataken shanu ya san dabba tana gane murya. Tun ina ƙarami nake bin Baba zuwa Kara a Bukuru, kuma na sha ganin makiyayi ya yi kira sau ɗaya daga nesa shanunsa su ɗago kai, mu kuwa ko za mu fasa maƙogwaro babu wadda za ta dube mu. To ashe mutum ma haka yake. Muryar da ka saba ji kana yaro, ko bayan shekara talatin ka ji ta, kafin ka tuna sunan mai ita zuciyarka ta riga ta gane.

Abin da ya kawo wannan magana, kwanakin baya na shiga shagon wani abokina mai gyaran waya da saka gem a wajen Terminus, na tarar da yara sun yi cincirindo suna kallon wani tsohon agwagwa mai doguwar hula yana tsalle da sanda. Abokin nawa ya ce min, "Ka san mai maganar nan shekararsa 93 lokacin da ya yi ta?" Na ɗauka wasa yake. Da na bi diddigi sai na tarar gaskiya ce, kuma labarin ya fi haka daɗi. Shi ne na ce bari in kawo wa 'yan uwa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Wane katun ne, wane gem ne?

Sunan katun ɗin DuckTales, na kamfanin Disney da ke Amurka. An fara nuna shi a talabijin a watan Satumba na 1987, aka yi kashi 100 kafin ya tsaya a 1990. Labarin wani attajirin agwagwa ne mai suna Scrooge McDuck, marowaci na gaske, wanda ya gina ƙaton rumbu ya cika shi da tsabar zinare yana ninƙaya a ciki. Yana riƙon 'yan uku, Huey da Dewey da Louie, kuma kullum suna yawon duniya neman dukiya. Wani mai zane, Carl Barks, shi ya ƙirƙiro Scrooge tun 1947.

A 1989 kamfanin Capcom na Japan ya mayar da katun ɗin gem a na'urar Nintendo ta wancan zamani, wato NES. Yayyenmu sun san irinta, ita ce aka riƙa kwaikwayo ana sayarwa a kasuwanninmu, mai kaset rawaya da ake hura wa iska in ya ƙi kamawa. Gem ɗin ya karɓu sosai, an sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Scrooge yana dogara sandarsa yana tsalle a kanta, yana ratsa wurare biyar: dajin Amazon, Transylvania, duwatsun Himalaya, duniyar wata, da kuma ramukan haƙar ma'adinai na Afirka. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya, domin mu mutanen Jos ba sai an ba mu labarin attajirin da ya zo daga Turai ya haƙe ƙasa ya kwashe arziki ba. Ramukan kuza da suka zama tafkuna a Rayfield da Bukuru suna nan suna ba da shaida.

Amma a gem ɗin 1989 babu mai magana. Kaset ɗin lokacin ba shi da wurin ɗaukar muryar mutum mai yawa, sai dai kiɗa da ɗan rubutu a ƙasan allo.

Sabuntawar 2013

A watan Maris na 2013 Capcom ta sanar cewa za ta sake gina gem ɗin da suna DuckTales: Remastered, aikin kuma aka ba wani kamfani na jihar Kalifoniya mai suna WayForward. Ya fito ranar 13 ga Agusta, 2013 a PlayStation 3 da Wii U da kwamfuta, sannan Xbox 360 ya biyo baya a Satumba. An sake zana 'yan wasan da hannu yadda za su yi kama da na talabijin, an sabunta kiɗan, an ƙara wurare biyu, kuma a karon farko aka saka magana.

A nan ne aka zo mararraba. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗauko matasa masu iya kwaikwayon murya a biya su a wuce wurin. Maimakon haka sai aka nemo waɗanda suka yi muryoyin tun 1987, duk wanda ke raye kuma yake iyawa.

Na farko Alan Young, mai muryar Scrooge. An haife shi a Ingila a 1919, ya yi ƙuruciya a Sikotlan da Kanada, shi ya sa harshensa ya dace da na attajirin, wanda a labari ɗan Sikotlan ne. Yana da shekara 93 gem ɗin ya fito. Ta biyu June Foray, mai muryar mayyar nan Magica De Spell, wadda aka haifa a 1917, wato tana da 95. Ita ce kuma ta daɗe tana muryar tsohuwar nan mai tsuntsu Tweety. Sai Russi Taylor, mace ɗaya da ke yin muryar 'yan ukun gaba ɗaya har da yarinyar gidan, Webby. Ita ce muryar Minnie Mouse tun 1986, kuma abin sha'awa mijinta Wayne Allwine shi ne muryar Mickey Mouse har ya rasu a 2009. Terry McGovern ya dawo a matsayin matuƙin jirgin nan Launchpad da kullum sai ya yi hatsari, haka Chuck McCann da Frank Welker.

Ba duka aka samu ba. Hal Smith ya rasu tun 1994, Hamilton Camp kuma a 2005, dole aka ba wasu sababbi gurbinsu.

Yaya ake wannan aiki?

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka ana gama zane ne sannan a kira mutum ya yi magana a kai. A yawancin katun na Amurka akasin haka ake yi. Ana fara rubuta labari, a shigar da mai murya wani ɗan ɗaki da aka toshe yadda ƙara ba ta shiga, ga makirfo a gabansa, ga takarda. Darakta yana bayan gilashi yana cewa a sake, a ƙara fushi, a rage sauri. Jimla ɗaya ana iya maimaita ta sau da yawa kafin a zaɓi guda. Bayan nan ne masu zane za su bi muryar su daidaita baki da fuska da motsin jiki.

Sau da yawa ma kowa shi kaɗai yake nasa, wanda yake faɗa da shi a labari ba ya ɗakin, sai daga baya injiniya ya haɗa. A gem kuma akwai ƙarin wahala, domin ana buƙatar ihun faɗuwa, nishin tsalle, ƙarar jin zafi, da gajerun kalmomi kala-kala saboda kada mai wasa ya gaji da jin abu ɗaya. Ku duba a ce dattijo mai shekara casa'in da ɗoriya ne yake wannan.

Abin da muka fi sani a wajenmu shi ne ɗora murya a kan fim ɗin da aka riga aka gama, irin fassarar fina-finan Indiya da su Algaita suke yi a Kano. A nan mai murya ne yake bin bakin jarumi, ya matse Hausarsa ta shiga daidai lokacin da bakin ya buɗe ya rufe. Kowanne da irin gwanintarsa, amma jarin ɗaya ne: maƙogwaro da kunne.

Me ya sa kamfani ya wahalar da kansa?

Kada mu yaudari kanmu, ba don Allah kawai suka yi ba, kasuwa ce. Yaron da ya kalli katun ɗin yana ɗan shekara takwas a 1987, a 2013 ya kai 34, yana da aiki, yana da kuɗin sayen gem, wataƙila ma yana da ɗan da zai nuna wa. Shi aka yi wa hari. Kuma shi ba zane kawai yake saya ba, ƙuruciyarsa yake nema. Da zarar Scrooge ya buɗe baki ya ji baƙuwar murya, cinikin ya lalace.

Irin wannan muke gani a Kara. Mahaucin Legas da ya saba da dillali ɗaya shekara ashirin, ta waya kawai zai ji muryarsa ya turo kuɗin tirela guda bai ga ko ƙaho ba. In wani ya ɗauki wayar, ko da ɗan dillalin ne na cikinsa, sai ka ji ya ce a ba shi Alhaji tukuna. Muryar ita ce amanar.

Ban ce aikin ya fita ba tare da aibi ba. Wasu masu sharhi sun yi ƙorafin cewa surutun ya yi yawa, kana cikin wasa sai a tsayar da kai ana hira. Ni ma da na saurara na ji tsufa a muryar Alan Young, ba ta da kaifin ta da. Amma a kunnena hakan bai ɓata ba, tunda Scrooge ɗin ma ai tsoho ne.

Abin da ya faru bayan nan shi ya ƙara wa gem ɗin daraja. Alan Young ya rasu a watan Mayu na 2016 yana da 96. June Foray ta bi shi a Yulin 2017, saura 'yan makonni ta cika 100. Chuck McCann ya tafi a 2018, Russi Taylor a Yulin 2019. Da aka sabunta katun ɗin na talabijin a 2017, sababbin mutane aka ɗauka, David Tennant ya karɓi Scrooge. Ke nan da masu gem ɗin sun yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da ba za su taɓa haɗa waɗannan mutane a aiki ɗaya ba.

To, mu ina namu?

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da agwagwar Amurka. Ruwanmu shi ne mu ma muna da muryoyi irin waɗannan, kuma suna ƙarewa a gabanmu.

A nan Jos aka yi Abdullahi Shu'aibu, wanda kowa ya sani da Karkuzu na Bodara. Iyayenmu suna ba da labarin yadda a shekarun 1980 ake cika gidan mai talabijin in za a saka shirinsa. A ƙarshen rayuwarsa ya rasa gani, ya shiga ƙunci, har sai da maganarsa ta fito duniya a 2023, ɗan ƙwallo Ahmed Musa, wanda shi ma ɗan Jos ne, ya saya masa gida. Allah ya saka masa. Baba Karkuzu ya rasu a watan Maris na 2025. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan: idonsa ne ya tafi, muryarsa tana nan. Aikin murya kuwa ba ya buƙatar ido, ana iya karanta wa mutum layi ya maimaita da salonsa. Da muna da masana'antar katun mai ƙarfi, da sana'a za a ba shi ba taimako kaɗai ba.

Haka Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Shi wannan muryarsa ce rabin wasan, Hausar barikin soja gauraye da Turanci, ko a rediyo ka ji ka san shi ne. Kasimu Yero ya rasu a 2017. Rabilu Musa Ibro tun Disamban 2014. Sadiq Daba, wanda ya fito a Bitrus cikin Cock Crow at Dawn, shirin da NTA ta yi a nan Filato daga 1980, ya rasu a Legas a Maris na 2021. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Ko a Kannywood, muryar da ke bayan fage ba ta samun girman da fuska ke samu. Jaruma tana motsa baki a waƙa, amma su Fati Nijar da Maryam A. Baba ne suke rerawa. Masu fassarar Indiya kuwa, yaro zai kwaikwayi maganarsu tsaf amma in sun haɗu a layin mai shayi ba zai gane su ba.

Kuma ba wai ba mu san sabunta tsohon abu ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan Jos. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ne na Hausa tun daga farko har ƙarshe. Garin nan kuma yana da makarantar koyon fim ta ƙasa, yana da kwalejin talabijin ta NTA. Ashe kayan aiki da masu koyo ba su ne matsalar ba.

Inda maganar ta shafi 'yan uwa na Kudu

Ina da ƙanne 'ya'yan baffana da aka haifa a Agege. Yarbanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu, Hausarsu ta gaisuwa ce da aike. Ba laifinsu ba ne, abin da suke ji suke ɗauka. Wayar babarsu tana hannunsu daga dawowa makaranta har isha'i, kuma duk katun da gem ɗin da ke ciki babu mai cewa "sannu". Na tabbata da yawanku kuna ganin haka a gidajenku.

Ba a ce babu motsi a Najeriya ba. Adamu Waziri ya ƙirƙiro katun ɗin yara Bino and Fino a Abuja, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama har da Hausa. A Fabrairun 2024 Disney da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, katun da labarinsa ke faruwa a Legas, sannan kamfanin Maliyo Games na Legas ya yi masa gem na waya. Wannan ya nuna ana iya yi a ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne namu labarin da namu muryoyin. Gizo da Ƙoƙi suna nan babu wanda zai hana mu. Ku ɗauka a ce an yi gem na waya, Gizo yana tsallake tarko, kuma muryar wani dattijon wasan kwaikwayo da iyaye suka sani ce ke fitowa. Yaro zai zo don wasa, uba zai tsaya don murya, Hausa kuma ta shiga gidan.

Barazanar ƙirƙirarriyar basira

Akwai wani sabon abu da babu shi a 2013. Yanzu kwamfuta tana iya sauraren muryar mutum ta kwaikwaye ta, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. James Earl Jones, mai muryar Darth Vader a Star Wars, ya amince a 2022 a riƙa amfani da tsofaffin rikodin ɗinsa ta wannan hanya, kafin ya rasu a Satumban 2024. Shi da yardarsa aka yi. Amma masu muryar gem a Amurka sun ga inda abin ya dosa, ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA ta shiga yajin aiki ranar 26 ga Yuli, 2024. Sun kai kusan wata 11 kafin a daidaita a 2025, kuma daga cikin abin da suka samu akwai sharaɗin cewa sai an sanar da mutum kuma ya yarda kafin a yi kwafin muryarsa.

A wajenmu fa? Muryoyin dattawan nan suna yawo a YouTube da TikTok kyauta. Gobe wani zai iya ɗauka ya sa marigayi ya tallata maganin basir ko ya zagi ɗan siyasa, iyalansa ba su sani ba balle su ga sisi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, kuma ta tanadi haƙƙin masu wasa. Sai dai doka ba ta tashi ta bi wa mutum haƙƙinsa, sai shi ko magadansa sun san da ita sun nema.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba sai mun jira wani babban kamfani ba. Matasan da ke koyon zanen katun da haɗa gem, a Jos ne ko Kano ko Legas, in za su ɗauki murya su fara tunawa da dattawan rediyo da talabijin da suka rage. Su je da ladabi, a yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi kuɗi, a faɗi inda za a yi amfani da muryar da inda ba za a yi ba. Yadda ba a kora saniya daga Kara sai an yi ciniki a gaban shaidu an biya la'ada, haka ya kamata murya ta zama.

Attajiranmu na kasuwannin Kudu, masu tireloli da masu canji da shugabannin zango, kuna ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da wa'azi, Allah ya ƙara buɗi. Ɗaukar nauyin gajeren katun na Hausa na minti biyar shi ma hidima ce ga 'ya'yanku da ke tashi nesa da gida.

Mu kuma sauran, kowa yana da waya mai rikodin. In ka zo gida hutun sallah, zaunar da kaka ta yi tatsuniya ka ɗauka, ka ajiye a wuri biyu. Ni kaina ban yi wa tawa kakar ba har ta rasu, kuma yau in na so in tuna yadda take maƙale murya tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, sai dai in gwada da bakina, ba ya fita daidai. Masu DuckTales sun samu nasu dattawan da saura shekara uku. Namu da suka rage, Allah ya ƙara musu lafiya, ya kuma ba mu ikon zuwa gare su tun suna iya amsa sallama.